Babi na 7: Zuba fayil ɗin ajiyar ɓoye a na'urar GPS da sabunta shi

Salamu alaikum 'yan uwa ɗalibai, iyayenmu da yayyenmu. A babin baya mun koyi karanta lambobin wuri, mun ga duk inda ka tsaya a Legas, Agege ne ko Obalende ko Idi-Araba, na'urar zata fara nuna maka N 06 a sama da E 003 a ƙasa, sauran lambobin ne kawai ke canzawa. To yau zamu shiga cikin na'urar kanta.

Ga wanda bai zo ranar ba, wasan da muke koyo da shi sunansa jiyokashin, mu a aji muna ce masa farautar ajiya. Wani zai ɓoye ɗan gwangwani ko roba da takarda a ciki, ya sa lambobin wurin a shafin Geocaching.com, kai kuma ka bi lambobin har ka gano, ka rubuta sunanka a takardar ka mayar yadda ka same ta. Abin ya faro ne a watan Mayu na 2000, lokacin da gwamnatin Amurka ta daina dagula siginar GPS da gangan, da can na'urar farar hula tana iya kuskure har wajen mita 100, bayan nan ya dawo 'yan mitoci, a ranar 3 ga wata wani mai suna Dave Ulmer ya binne bokiti a jihar Oregon ya ce jama'a su nemo. Ni dai na zaɓi wasan ne saboda wanda ya iya shi ya iya ajiye lambar gonarsa ta gida ko filinsa ko rijiyar burtsatse, hanyar ɗaya ce.

Abin da nake so ya zauna muku shi ne na'urar hannu irin Garmin eTrex 10 ko 20 ba waya bace, ba ta da data. Tauraron ɗan adam yana faɗa mata inda take tsaye ne kawai, amma labarin ajiya sai abin da ka zuba mata da hannunka. Idan mai ajiya ya ɗauke kayansa ko ya matsar da su, na'urar bata da labari, zata ci gaba da nuna maka kibiya da ƙarfin gwiwa. Kuma kunsan Legas, ruwan Yuni da Yuli in ya sauko yana tafiya da abin da ya fi gwangwani, inda ka bari fili wata uku baya ka dawo ka tarar an yi katanga. Wani dattijo a ajinmu mai sayar da albasa a Mile 12 ya ɓata yammacin Lahadi guda, ya biya kuɗin danfo zuwa da dawowa yana neman ajiyar da an riga an rufe ta a shafin tuntuni, wallahi abin ya taɓa ni don a hannuna ya koya kuma ban jaddada masa maganar sabuntawa ba, shi yasa na ware mata babi.

Fayil iri biyu zaku fi gani. Mai ƙarewa da .loc kusan ba komai a cikinsa sai suna da lamba da wurin, ku barshi. Mai ƙarewa da .gpx shi muke so, yana ɗauke da bayanin mai ajiya, da ɗan haske da ya bayar, da wahalar nema da wahalar hanya daga 1 zuwa 5, da abin da waɗanda suka je kwanan nan suka rubuta. Wannan na ƙarshen ku riƙa karantawa dan Allah, in mutum uku a jere sunce basu samu ba to kar ka ɓata takalminka. Kowace ajiya tana da lambarta mai farawa da GC, ita ce kamar lambar mota, suna zai iya zuwa ɗaya amma ita bata haɗuwa. Masu biyan kuɗin shafin suna da Pocket Query wanda ke tattaro har ajiya 1000 a lokaci ɗaya, yana zuwa a ƙunshe cikin zif, sai ka kwance shi tukun, zaka ga fayil biyu, na biyun mai wpts a sunansa shi ke ɗauke da ƙarin wurare kamar inda ake ajiye mota.

Yanzu aikin. Ka haɗa na'urar da kwamfuta da kebul ɗin USB, ka ɗan jira, zata fito kamar filash. Ka buɗe folda mai suna Garmin, a ciki akwai GPX, nan ne gidan fayilolin. Kafin ka taɓa komai ka kwafe foldar Garmin ɗin gaba ɗaya ka ajiye a kwamfuta ko filash ɗinka, musamman in a shagon kafe kake aiki ko ka kai wa yaran Computer Village a Ikeja, don hannu da yawa ke taɓa kwamfutocin nan.

Sai ka goge tsohon fayil kafin ka zuba sabo. Anan mutane ke faɗuwa, sai suyi ta tara sabo kan tsoho suna ganin ai ajiya ba ta ɓaci, alhali in ajiya ɗaya tana cikin fayil biyu baka da tabbacin wanne na'urar zata karanta, kuma wadda aka rufe a shafin bata zuwa cikin sabon fayil amma tana nan daram a tsohon, sai ta ci gaba da fitowa a allo. A irin su eTrex ɗin nan ba a goge ajiyar ɓoye da maɓallan na'urar, dole ta kwamfuta. Amma fa ka kula, folda mai suna Current da fayilolin da sunansu ya fara da Waypoints na na'urar ne, sawun tafiyarka da wuraren da ka ajiye da kanka suna ciki, harda lambar gonar, kar ka goge su. In akwai katin memori ka leƙa shi ma, yana iya samun nasa Garmin da GPX, tsofaffi na yawan maƙalewa a can.

Ka riƙa sa wa fayil suna da kwanan wata, misali ikeja-12-yuni.gpx, ko wanda bai gama iya karatu ba, zai gane lamba.

Akwai wani ɗan fayil a foldar Garmin, geocache_visits.txt, duk lokacin da ka danna cewa ka samu ko baka samu ba anan na'urar ke rubutawa. Ka ɗora shi a shafin tun kafin ka share shi, in ba haka ba wahalarka bata shiga lissafi ba.

In ka gama kar ka fizge kebul, ka sa kwamfutar ta sallami na'urar tukun, kuma kayi aikin a laptop mai caji in da hali saboda ɗauke wutar NEPA a tsakiyar kwafi na lalata fayil. Ka kunna da batir AA masu ƙarfi, ka bata lokaci ta karanta. In ta tsaya cak bata wuce tambarin farko ba yawanci fayil ne ya lalace, ka mayar da ita kan kwamfuta ka cire na ƙarshen da ka sa.

Maganar tsaro kuma, mu baƙi ne masu neman halal a garin nan, mutum yana leƙe-leƙe da na'ura a hannu kusa da bariki ko filin jirgi ko banki zai jawo wa kansa tambaya. Ku je da rana, ku je ku biyu, ku gaida masu gadi ku faɗa musu abin da kuke yi.

Aikin gida: kowa ya buɗe foldar GPX ta na'urar aji, ya rubuta sunayen fayilolin da ya gani a littafinsa, ya ja layi a ƙarƙashin wanda za'a goge, ya zagaye waɗanda ba'a taɓawa. Sannan ya zaɓi ajiya ɗaya ya rubuta lambar GC ɗinta da ranar da aka same ta na ƙarshe. Ku kawo ranar Asabar bayan la'asar, mata kuma Lahadi da safe.