Kafin a yanka rago: yadda za ka zaɓa ma jaririnka suna

Kwana bakwai ne tsakanin haihuwa da suna, kuma wallahi kamar yau suke wucewa, kana neman rago kana neman goro da dabino kana aika ma dangi, sai daren suna ya zo ba a tsaida magana ba. To kar ka bari sai an haihu. Tun ciki na wata bakwai ko takwas ku zauna kai da maiɗakinka ku fidda suna biyu na namiji biyu na mace, ku aje a ranku. In ƴan biyu suka zo an hutar da ku, Hassan da Husaini ko Hassana da Husaina, wanda ya biyo bayansu ma Gambo na jiran shi.

Fara da tambaya, akwai wanda ya kamata a yi ma takwara? In ɗan fari ne mafi yawa sunan mahaifinka ko mahaifiyarka za a sa, wannan ba abin ja ba ne, amma ka sani ranar da ka sa ma yaro sunan tsohonka to matarka ba za ta taɓa kiran sunan nan ba saboda alkunya, sai dai Abba ko Baba, mace kuma Ummi ko Nana ko Mama. Kenan ku zaɓi laƙabin da kanku tun da wuri, in ba haka ba gwaggonni za su zaɓa maku, kuma abin da suka liƙa ranar suna shi zai bi yaron har ya yi furfura.

Yanzu maganar da ta fi damun matasa, wai sunan ya yi yawa a gari. Gaskiya ne, ka shiga aji guda a lakwal, wato makarantar boko, cikin Birni ko Zango nan Damagaram ka ce Mamman ka ga kawuna nawa za su juyo. Kuma mu nan sunan uba ke bin na ɗa, to in kai Musa ne ka sa ma yaro Ibrahim, Allah kaɗai ya san Ibrahim Musa nawa ke yawo tsakanin Damagaram da Mirriya. Amma ni dai ban ga wannan ya isa a guji suna mai kyau ba. Hadisi ya zo a Muslim cewa sunayen da Allah ya fi so su ne Abdullahi da Abdurrahman, ba a ce sai wanda babu irin shi a unguwa ba. Kakanninmu ma sun san matsalar, shi ya sa Abubakar ɗaya Garba ɗaya Habu ɗaya Buba, A'isha wata Indo wata A'i, Hauwa ta koma Kulu. Ga sunan rana kyauta, Ladi, Talatu, Balarabe, Jummai, Asabe, ga Tanko in mata ya biyo, Kande in maza ta biyo. Ke kuma mai ciki, sunan nan na zamani da kike ganin ke kaɗai kika gano shi a wani fim ko a Facebook, ƴar'uwa duk masu cikin da kuke zuwa awo tare sun gan shi, nan da ƴan shekaru aji zai cika da Amira da Ilham da Afnan.

In kun nace sai baƙon suna, ba laifi, amma a kai ma malami ya duba ma'ana kafin ranar. Malami na gaske wanda ya san Larabci, ba waya ba. Ba duk kalmar da ke cikin Alƙur'ani ce suna ba, ai Fir'auna ma na ciki. Annabi (SAW) da kanshi ya canza ma mutane suna, Barra ya maida ta Zainab. In baƙon kuke so wanda ke da asali, ku duba sahabbai da ba a cika sawa ba irin su Mus'ab ko Nusaiba, ko ku waiwayi gida, ga Tanimun sarkin Damagaram da ya kewaye Birni da ganuwa, ga sunayen da muka haɗa da Barebari kamar Falmata.

Daga nan sai gwajin kaka. Ka faɗa ma tsohuwar gidanku sunan, ka ce ta maimaita. In ta yi sau biyu bakinta bai kama ba to ka san yadda duk unguwa za ta kira shi kenan, kuma yara a lakwal ba su da tausayi wajen juya suna ya koma abin tsokana.

Abin da mutane ke sakaci da shi kuma ya fi cizo daga baya shi ne rubutu. Takardunmu da rubutun Faransanci ake yin su, Usman ya koma Ousmane, A'ishatu ta koma Aïchatou, Muhammadu kuwa kowa da nashi, Mahamadou, Mahamane, Mamane, Mohamed. Ka zaɓi guda, ka rubuta da hannunka da manyan baƙaƙe a ƴar takarda, ita za ka miƙa a asibiti ita za ka miƙa a meri, wato ofishin magajin gari, kuma kafin ka bar wurin ka karanta takardar haihuwar harafi harafi, har sunanka da na uwar. Harafi guda in ya bambanta tsakanin takardar haihuwa da ta lakwal, ranar jarabawar BEPC ta gama kwaleji ko neman fasfo za a san an yi kuskure, gyara kuwa sai an je kotu. Kar kuma a yi jinkirin yin takardar, in lokacin da doka ta ba da ya wuce nan ma kotu ce da shaidu. Sunan yanka ake rubutawa, ba Abba ko Ummi ba.

Daren suna ka sanar da iyayenka da surukanka abin da aka tsaida, kar su ji shi a bakin maroƙi. Da safe in liman ya matso zai tambaye ka, ka faɗa mashi a kunne da kyau, in sunan baƙo ne ka ba shi a rubuce ma, don da hayaniyar mutane Hanan na iya fita Hannatu kuma an riga an shafa fatiha.