In tsohuwa ta fara ihu a gidan kula da tsofaffi a Ingila

Salamu alaikum 'yan uwa, musamman ku da ba ku daɗe da shigowa ba. Maganar nan ta waɗanda gigin tsufa ya ci ƙarfin mahaifi ko mahaifiyarsu ce har dole ta sa aka kai su gidan kula da tsofaffi, sai kuma waya ta fara shigowa daga manaja, wai Hajiya tana ihu dare da rana tana hana sauran tsofaffi barci. Mai shirin cewa don me aka kai ta tun farko, don Allah ya fara gwada jinya shi kaɗai yana fita aikin dare tukuna sannan mu yi magana.

Zaɓen gidan ba shi ne wahalar ba. Hukumar CQC mai sa ido kan gidajen kula da tsofaffi tana saka rahoton kowane gida a intanet, ku karanta, ku je da kanku wajen la'asar ku ga yadda ma'aikata suke yi in wuri ya rikice. Batun kuɗi kuma kansul, wato ƙaramar hukumar yankinku, za ta auna abin da tsohon ya mallaka.

Toh ihun. Abin da ke ba ni haushi da mutanenmu shi ne da an ji tsohuwa tana kiran sunan yayarta da ta rasu tuntuni sai a ce aljanu ne, wasu kuma su tsaya suna mata faɗa wai tana ba su kunya gaban Turawa. Addu'a ba wanda ya hana ka, amma ciwo ne a ƙwaƙwalwa, kalmomi suna zubewa, abin da ya rage mata ta nuna damuwarta shi ne muryar. In ihun ya taso farat ɗaya cikin kwana biyu uku, ku matsa GP, wato likitan unguwa, ya duba ta ranar, don ciwon mafitsara ko ciwon ƙirji kan birkita tsoho gabaɗaya. Sai rashin yin bayan gida, ciwon haƙori, ƙishirwa, batirin na'urar kunne da ya mutu, ko talabijin da aka ƙure a falo. Da yawa kuma abin yana tashi ne gab da magariba. A Norway an yi wani bincike da aka wallafa a 2011 kan tsofaffi 352 a irin waɗannan gidajen, aka ga tashin hankalinsu ya ragu sosai da aka riƙa ba su maganin ciwo a kan tsari, kuma yawancinsu farasitamol ne kawai.

Namu kuma akwai ƙari. Turancin da mutum ya koya da girma shi ke fara tafiya, ya koma harshen da ya tashi da shi. Hajiyarmu ta yi shekaru tana aiki da Turanci, amma ƙarshe ko kalma ɗaya ba ta saura ba. A littafin ma'aikata an yi ta rubuta cewa tana ihu babu dalili, na je na zauna gefen gadonta sai na ji ashe “ƙafata, wayyo ƙafata” take ta maimaitawa, na zare safar na tarar da diddigenta ya yi baƙi ya fara ƙuna saboda kwanciya. Wallahi ranar ban iya tuƙi na koma gida ba. Don haka ku rubuta musu 'yan kalmomin da take yawan faɗa da manyan baƙaƙe ku manna a bango, ku cike takardar nan This is me ta ƙungiyar Alzheimer's Society, wadda ake rubuta bayanin halin mutum da abin da yake so a ciki, ku ɗaukar mata muryoyinku da karatun da ta saba ji. Ku nemi su riƙa rubuta lokacin da ihun ya fara, me ya faru kafin nan, me ya lafar da shi. In ta kira Innarta kar ka ce ai ta rasu, sabon makoki kake buɗe mata kullum, ka ce ba ni labarin Inna.

Sai inda ake cin mu da yaƙi, takardu. Kullum sai na ji wani sabon zuwa yana cika baki wai ni ne babban ɗa. Malam, a nan zama babban ɗa ko a rubuta sunanka a matsayin makusanci ba ya ba ka ikon yanke komai. Ƙarƙashin dokar 2005 kan hankalin yanke shawara, takardar da ke ba ka baki ita ce LPA, wato takardar da tsoho ke ba wani wakilcin yanke masa shawara, iri biyu ce, ta lafiya da walwala da kuma ta kuɗi da dukiya, kuma sai tsohon yana fahimtar abin da yake sa wa hannu ake yin ta, sannan a yi rajista a ofishin gwamnati na Public Guardian, wannan ma yakan ci wata biyu ko fiye. Ko an riga an gano ciwon, in da sauran fahimta ana iya yi, amma mutanenmu sai su ce kunya, yaya zan kawo wa Baba takarda kamar ina jiran gado. Ranar da hankali ya gushe ƙofar ta rufe, sai Court of Protection, kotun da ke yanke wa wanda hankalinsa ya gushe shawara, watanni da kuɗin lauya, kuma ba kasafai kotun take ba da iko kan harkar lafiya ba. In babu LPA likitoci ne za su yanke, dole dai su tuntuɓe ku amma ba dole su bi maganarku ba. Sikotilan dokarta daban, masu zama can su bincika.

Amfanin LPA yana fitowa ne ranar da aka ce za a ba tsohuwar abin da zai kwantar da ita. Mu sai da muka tarar da Hajiya kai a langaɓe, yawu na zuba, sannan aka gaya mana an fara magani. Risperidone, ɗaya daga cikin magungunan da ake kwantar da su da shi, izininsa a nan na gajeren lokaci ne, har mako 6, kuma don wanda yake kai duka da haɗarin cutarwa, ihu kaɗai bai isa dalili ba, ga shi yana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Rahoton Farfesa Sube Banerjee na 2009 ya ƙiyasta irin waɗannan magungunan suna jawo ƙarin mutuwa wajen 1,800 a shekara. Ku tambaya wa ya rubuta, me aka gwada kafin nan, yaushe za a sake dubawa, kuma komai ta imel, don maganar baki a bakin ƙofa gobe za a ce ba a yi ba.

Ku karanta kwantiragin gidan ma, yawanci suna iya ba da notis na kwana 28 in sun ce ba za su iya da ita ba. Da an fara wannan zancen ku kira soshal woka, wato jami'in jin daɗin jama'a, ku nemi a sake auna buƙatunta, ku kuma kira Admiral Nurses, ma'aikatan jinyar gigin tsufa na ƙungiyar Dementia UK, kyauta ne. Sannan alhamdulillahi 'ya'yanmu sun cika aikin kula da tsofaffi a ƙasar nan tun 2022, kuma suna yin sa da mutunci, don haka ku tambayi manaja ko akwai mai jin Hausa cikin ma'aikata, in akwai ku roƙi a riƙa sa shi ɓangarenta a aikin yamma.