Yadda Ake Tsara Zuwan Manyan Motoci a Wurin Lodin Masana'anta

Dogon layin manyan motoci a bakin masana'anta da sassafe ba kasafai yake nufin ƙofofin lodi sun yi kaɗan ba. Galibi kowane direba ne ke son riga ɗan'uwansa isowa, sai motocin yini guda su taru cikin awa biyu, da yamma kuma ƙofofin su zauna fayau, ma'aikata na zaman jiran aiki. Maganin wannan shi ne a ba kowace mota lokacinta, amma lokacin da aka gina a kan awo, ba a kan kintace ba.

A fara da rubuta lokuta huɗu ga duk motar da ta zo: sa'ad da ta shigo harabar, sa'ad da ta samu ƙofa, sa'ad da aka gama lodi ko saukewa, da sa'ad da ta fita. Idan aka yi makonni kaɗan ana wannan, za a gane inda lokaci ke zurarewa, kuma sau da yawa ba a bakin ƙofar ba ne. A wurin duba takardu ne, ko kan sikeli, ko jiran wanda zai sa hannu.

Daga nan sai a rarraba motocin bisa irin kayansu, domin babban kuskure ne a yanka wa kowa awa guda. Tirela mai tsawon mita 13.6 tana ɗaukar falet 33 irin na Turai, wato faffaɗan katakon da ake jera kaya a kansa, kuma na'urar ɗaga kaya za ta kwashe su cikin ɗan lokaci. Amma idan tirelar nan ta zo maƙare da kwalaye tun daga ƙasa har rufi, ba falet ko ɗaya, to sai an bi su da hannu ɗaya bayan ɗaya, aikin da kan ci awanni. Irin wannan lodi a keɓe masa ƙofarsa, don kada ya tare wa masu saurin fita hanya.

Abin da na fi so mai tsara jadawali ya riƙe shi ne kada ya cika shi maƙil. A ce akwai ƙofofi 4, ana aikin awa 8, kowace mota na cin awa guda. Lissafi zai ce motoci 32. Wanda ya ba motoci 32 alƙawari kuwa ya gayyato cunkoso da hannunsa, saboda mota ɗaya ta makara ko taya ɗaya ta fashe, jinkirin zai bi duk na bayanta har dare. A ganina gara a tsaya wajen 26 ko 27, a bar giɓi kafin tsakar rana da wani kafin tashi, kuma kada a sa mota daidai lokacin da ma'aikata ke canjin aiki. Ƙofa ma ba ita kaɗai ake ƙirgawa ba: idan na'urorin ɗaga kaya biyu ne, ƙofofi huɗun nan suna ne kawai.

Wajen fifiko, kayan da injina ke jira su ne gaba da komai. Tsarin da kamfanin Toyota ya shahara da shi, na kawo kaya daidai lokacin buƙata, ya rage tara kaya a sito, amma ya sa makarar mota guda na iya tsayar da aiki gaba ɗaya. Saboda haka dole mai jadawali ya riƙa ganin tsarin sarrafa kaya na gobe tun yau.

A kuma tuna cewa direba yana da nasa agogon. A Tarayyar Turai doka ta wajabta masa hutun minti 45 bayan tuƙin awa huɗu da rabi, a Amurka kuma awa 11 zai tuƙa cikin awa 14 na aiki, kuma zaman jira a harabar masana'anta yakan ci daga cikin 14 ɗin nan. Shi ya sa kamfanonin sufuri kan caji kuɗin jira, a Amurka galibi bayan awa biyu. A rubuta ƙa'ida ɗaya ga kowa: wanda ya makara fiye da abin da aka amince ya koma giɓi na gaba, wanda ya zo a kan lokaci kuma ba a sa wani gabansa. A nemi takardun kaya tun motar na hanya. Inda fili ya wadata, a yarda direba ya ajiye tirela cike, ya ja wadda aka sauke ya tafi, a sauke tasa idan ƙofa ta samu.