Naman layya: kurakuran da muke ta maimaitawa duk shekara

Duk shekara in babbar sallah ta wuce da kamar sati ɗaya sai na ji labari iri ɗaya, wance namanta ya yi funfuna, wance ta buɗe bokiti ta ji wari, wani gidan kuma yara gaba ɗaya sun kwanta da ciwon ciki. Abin yana min ciwo wallahi, don na san yadda magidanci yake tara kuɗin ragon nan wata da watanni, wani ma adashe ya shiga, ya je Wudil ko Ɗambatta ya sha rana ya yi ciniki, a ƙarshe rabin naman ya tafi bola.

Bari in fara da iyayenmu maza tunda daga hannunsu abin yake farawa. Na farko gaggawar yanka, wani don ya riga makwabta samun mahauci sai ya yanka kafin a sauko daga idi, to wannan nama ne kawai ya samar wa iyalinsa, ba layya ba, kuma a mazhabar Malikiyya har sai liman ya yanka nasa. In mahauci ya yi wuya ranar 10 ga Zulhajji ai akwai 11 da 12. Sai ɗura wa rago dusa da harawa da safiyar sallah, tumbi ya cika tim, wajen fiɗa wuƙa ta ɗan taɓa shi ya fashe ƙazanta ta wanke nama. A janye masa abinci tun daren jajibere, a bar masa ruwa kawai. Haka maɗaciya, a cire ta a hankali daga jikin hanta, in ta fashe duk inda ta taɓa sai ya yi ɗaci, in hakan ta faru a yanke wajen a yar, wanki ba ya fitar da shi duka. Kuma dan Allah a biya mahauci da kuɗi, kar a ce ya ɗauki fata ko wuya a matsayin ladan aikinsa, ba a biyan lada da wani sashe na layya. In kyauta zaka ba shi bayan ka biya shi, wannan daban.

Yanzu ga wanda na fi so mu tsaya a kai, wato rataye rago ya kwana. Haka muka taso muka gani, ranar sallah a yi kayan ciki, a rataye gangar jiki ta tsane, washegari a sassara a yi rabo a ɗora suya. Al'adar tana da dalili, naman da ya tsane ya fi daɗin aiki. Amma mu tuna sallah zagayawa take, duk shekara tana matsowa da kamar kwana 11. A 2007 a watan Disamba aka yi ta, tsakiyar hunturu, iska busasshiya, rago zai kwana garau. A 2025 kuwa ranar 6 ga Yuni aka yi, ga zafi ga damshin farkon damina, kuma shekarun da ke tafe Mayu da Afrilu zata dinga faɗawa, lokacin da ko da daddare gumi muke. A irin wannan yanayin nama daga ciki yake fara lalacewa, kusa da ƙashin cinya da wuya inda yake da kauri, waje kina ganinsa lafiya lau sai an sara ki ji tsami. Ni ya taɓa faruwa da ni, cinya guda muka binne, ranar har hawaye na yi.

To mafita, in da hali a sassara a ranar a sulala kafin a kwanta, ko da washegari za a soya. In kuma dole sai ya kwana, a rataye shi inda iska ke kaɗawa ba cikin sito ko kicin a rufe ƙofa ba, a sa kara a buɗe ƙirjin, a tsaga cinyoyin har ƙashi, a lulluɓe da tsohon gidan sauro mai tsafta saboda ƙuda. Banda leda, banda buhu. Mutanen Nijar irin su Yamai dabararsu ta burge ni, gicciye ragon suke a jikin itace su jera kewaye da wuta ya gasu a hankali tun ranar, kinga ruwan jikinsa ya ƙone kafin dare.

Kayan ciki kuwa ba sa jira ko kaɗan. Kuskuren da ake yi shi ne a zuba hanta da ƙoda da zuciya cikin baho ɗaya da tumbi da hanjin da ba a wanke ba, a tafi gaishe-gaishen sallah sai la'asar a dawo. A raba su tun wajen fiɗa, tumbi da hanji a wanke su can gefe, a ɗora a wuta kafin azahar.

Sai suya, nan ne mu mata muke da laifi. Wadda take so namanta ya daɗe dole ta gane cewa ruwa ne yake kashe shi. Wasu basa sulalawa, ɗanye suke jefawa a mai ga wuta ta yi yawa, waje ya yi baƙi ciki da sauran jini, irin wannan kwana uku ba zai yi ba. Ki yanka shi daidai wa daida kar wani ƙato wani ƙarami, ki sulala da gishiri da citta da kanunfari da tafarnuwa, ki tsame ya tsane a kwando, sannan ki soya da wuta madaidaiciya. Kumfan nan da kike gani mai yana yi ruwan naman ne yake fita, in kumfan ya kwanta ƙarar suyar ta ragu to ya soyu, in kin kwashe yana tsaka da tafarfasa to da sauran ruwa a ciki. Kar a cika kasko dam don a gama da wuri, mai zai huce naman ya koma dahuwa. Na san gajiyar ranar, baya kamar zai ɓalle ga hayaƙi ga baƙi, amma gara a yi kasko shida a natse. Albasa ɗanya kuma a bar ta sai wanda za a ci a ranar, kar a yanka ta kan na ajiya.

Bayan an kwashe sai babban kuskuren, a juye shi da zafinsa a bokitin roba a danne murfi don kar yara su ɗiba. Tururin nan zai taru a murfi ya ɗiga ya koma kan nama, daga nan funfuna take farawa. A baza shi a faranti ko tire ya huce sarai, sannan a zuba a kwalla ko kwando busasshe inda iska zata ɗan shiga. Duk mai ɗiba da cokali busasshe, ba hannun da aka wanko yanzu ba. Bayan kwana uku ko huɗu a sake juya shi a mai mai zafi. Kitsen ma kar a zubar, a narka shi a tace a yi kakiɗe, in ya daskare yana daɗewa, kuma dambun nama shima sai ya soyu ya bushe ƙarau kafin a ajiye.

Masu firiza suma suna asara. A cusa nama mai ɗumi ƙatuwar leda guda a cika firiza har murfi da kyar yake rufuwa, tsakiya ba zata daskare ba sai bayan kwanaki, ga wuta ana ɗaukewa ana kawowa. Ki ƙulla kaɗan kaɗan daidai miya ɗaya, ki baje ledar ta yi faɗi, ki bar sarari. In wuta ta yi kwana biyu babu ya narke, fito da shi ki dafa a ranar in ƙalau yake, in kuwa ya canza wari ko ya yi yauƙi to lemon tsami da yaji basa gyara shi, ɓoye warin kawai suke.

Kai da ƙafa a babbake da itace ko gawayi, dan Allah a daina sa taya da leda da tsohon takalmi, hayaƙinsu guba ne kuma yana kama fatar da zamu ci.

Rabo ma a yi shi da wuri. Sai a ƙulle kason mutane a baƙar leda tun safe, a ba yaro ya kai, yaro ya tsaya kallon hawan sallah sai yamma ya isa, matar da aka kai wa ƙila shi kenan naman da zata gani bana kuma ya riga ya fara lalacewa. A sa a kwano mai murfi, a aiki babba ko a tabbatar yaron ya kai ya dawo, na nesa kuwa kamar gidan surukai da ke wani gari a soya musu kawai a aika soyayye.