Yadda za ka gane hujja ta tsaya ko ta rushe da teburin gaskiya

Masu ta turo min tambaya kan lojik, musamman 'yan aji ɗaya na jami'a, ga matakan nan. Misalinmu: in an yi ruwa ƙasa za ta jiƙe, ƙasa ta jiƙe, saboda haka an yi ruwa.

1. Ba kowace magana harafi: P an yi ruwa, Q ƙasa ta jiƙe.
2. Rubuta da alama: P → Q (wato in P to Q), Q, saboda haka P.
3. Ja layuka. Harafi 2 layi 4, harafi 3 layi 8.
4. Cika P: G G Ƙ Ƙ (gaskiya, ƙarya).
5. Cika Q: G Ƙ G Ƙ.
6. Cika P → Q. Hattara, nan ake yawan faɗuwa wallahi, ƙarya ce kawai in P gaskiya Q ƙarya, in P ƙarya ce to gaskiya za ka sa ko me Q ta zama.
7. Zagaye layukan da P → Q da Q duk gaskiya ne, wato 1 da 3.
8. Duba P a cikinsu, tunda ita ake son tabbatarwa; in gaskiya ce a dukkansu, hujja ta tsaya. A layi na 3 ƙarya ce, kenan hujjar ta rushe, ƙila ruwan wanki aka zubar a tsakar gida.