Yadda ake shirya BMW E46 ta jure zafin Kebbi kafin a ƙara mata ƙarfi

Yawancin samarin da ke sayen BMW E46 'yar Kwatano, musamman 325i da 330i, salansa suke fara kai wa hannu. A yanke tukunyar baya, a sa mai ruri, sai kuma a shiga cigiyar wanda zai taɓa ƙwaƙwalwar motar, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, ya ƙara mata gudu. Alhali injin M54 da ke cikin 330i, mai silinda shida a jere da lita 3.0, da ƙarfin doki 231 ya baro kamfani, kuma wannan ya ishi kowane titi tsakanin Birnin Kebbi da Yawuri. Zafi ne ke kashe waɗannan motoci a nan. A watan Afrilu rana kan haura digiri 40, kwalta ta fi haka nesa ba kusa ba, ga shi 'yar autar cikinsu ma tun 2006 aka ƙera ta. Ko doguwar tafiya za ka yi da ita, ko wasan mota a filin da aka killace, aikin farko shi ne ruwa, sai birki, sai taya.

Fara da sanin zafin injin na gaskiya

Kada ka dogara da allurar zafi da ke dashbod. An yi ta ne ta tsaya cak a tsakiya ko da zafin yana hawa da sauka da digiri masu yawa, don kada hankalin direba ya riƙa tashi. Ranar da ka ga ta karkata wajen ja, ɓarna ta riga ta kusa. Sayi ƙaramar na'urar OBD2 mai karanto bayanan injin, irin ELM327, ka cusa ta a soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari, ka haɗa da waya. Injin mai lafiya yakan zauna a digiri casa'in da wani abu. Idan a cunkoson kasuwa, da na'urar sanyi a kunne, ka ga yana wuce 105 yana ci gaba da hawa, akwai magana.

Dalilin wannan taka-tsantsan shi ne gangar injin M54 ta alminiyam ce. In ya tafasa sosai sau ɗaya, kan injin na iya lanƙwashewa, kuma zaren ramukan da kusoshin kai ke kamawa na iya zarewa. Daga nan ko an sa sabon gaskit ba zai ɗauru yadda ya kamata ba.

Kayan ruwa: a sauya su gaba ɗaya

Tankin ruwan da ke gefen lagireto na roba ne, haka gidan tamostat (abin da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto idan injin ya yi zafi), haka bakunan tiyo. Roba mai shekara ashirin cikin zafi ta zama kamar busasshiyar ƙwarya. Mai sauya su ɗaya bayan ɗaya zai yi ta zarya gareji, domin sabon da aka sa zai riƙe matsi, matsin kuma ya je ya fasa tsohon da ke kusa da shi. Don haka a tanadi tanki da murfinsa, famfon ruwa, tamostat, tiyon sama da na ƙasa, da fanbel. Murfin tankin na matsin bar 2.0 ne, kuma lambar na jikinsa. Famfon ruwa a nemi mai fiffiken ƙarfe ko na kamfani mai suna, domin na roba mai araha fiffikensa kan ɓalle ya bar sanda tana juyawa ita kaɗai. Wannan kaya kada a saye su na hannu. Tankin Beljiyam sa'an wanda ka cire ne.

Ba a fara aikin sai injin ya huce sarai, gara a bar shi ya kwana. A buɗe magudanar ƙasan lagireto a tare ruwan a roba, a kuma kawar da shi daga inda awaki da yara ke kai baki, don yana da zaƙi kuma guba ne. Idan motar mai giya otomatik ce, tana da fankar da injin ke juyawa. Notinta na sifana 32 ne kuma zarensa a juye yake, wato ta hannun da ake ɗaure sauran notuna ta nan ake kwance shi. Yaran gareji da yawa sun lalata shi da guduma saboda rashin sanin haka. Famfon ruwa notuna huɗu ke riƙe da shi, kuma akwai ramuka biyu masu zare a gefensa: a zura kusoshi M6 guda biyu ana ɗaurawa bi da bi, shi da kansa zai turo waje. Ba a ɓanɓare shi da sukundireba. Wajen mayarwa a shafa wa zoben robar ruwan sanyaya injin, a ɗaure notunan da Nm 10 (Nm ma'aunin ƙarfin ɗauri ne), wanda ɗauri ne mara yawa.

A nan ne za ka ji bakanike ya ce, "Alhaji, a cire tamostat ɗin nan kawai, na ƙasar sanyi ne." Ka ba shi haƙuri ka ce a bar shi. Tamostat ɗin M54 yana da waya, ƙwaƙwalwar motar ce ke buɗe shi da wuri idan ta ji an matsa wa injin. In aka cire shi, injin zai daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ƙwaƙwalwa ta yi ta zuba fetur fiye da ƙima, fetur ɗin ya wanke baƙin man da ke jikin silinda. Motar da ke zafi da tamostat a ciki, a duba lagireto ko ya toshe, a duba fanka, a duba famfo. Cire shi rufe ciwo ne da tsumma.

Ruwan da ake zubawa shi ma yana da ƙa'ida. Tsarin yana cin kusan lita 8.4, rabi ruwan sanyaya injin mai launin shuɗi na G48, rabi tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batir. A tabbata tataccen ne, ba mai asid ba, domin duka biyun "ruwan batir" ake ce musu a kasuwa. Ruwan rijiya ko na burtsatse yana barin farin ɓawo a cikin siraran bututun lagireto, irin wanda kake gani a gindin butar shayi.

Fitar da iska shi ne inda aiki kan lalace. A ɗan ɗaga gaban motar, ko a ajiye ta a gangare hancinta na sama. A murɗa makulli fitilun dashbod su kama ba tare da an tayar da injin ba, a kai hita ƙarshen zafinta, fankar ciki a mafi ƙanƙanta. A kwance ƙaramin sukurun da ke kusa da bakin tanki, a riƙa zuba ruwa a hankali har ya fito ta ramin sukurun babu kumfa. A ɗaure shi da sauƙin hannu, na roba ne, yana tsinkewa. Sannan a tayar da injin a jira hita ta busa zafi. In iska mai sanyi take busawa, akwai sauran iska a ciki, a bari ya huce a sake. Washegari da safe a duba sandar da ke yawo a bakin tanki a cika.

Kafin a mayar da komai, a duba tsakanin lagireto da kwandensan na'urar sanyi. Ƙurar hunturu, ƙaiƙayi da guntayen leda kan taru a wurin su zama kamar tabarma. A wanke daga baya zuwa gaba da ruwa mara ƙarfi, don injin wankin mota mai feshi yana kwantar da fiffiken alminiyam.

Birki

Man birki yana shan danshi daga iska, kuma ruwan da ya sha shi ne ke tafasa idan birki ya yi zafi. Sabon man birki ajin DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230. Wanda ya sha ruwa kuwa, ma'aunin da aka yarda da shi 155 ne kawai. Tururi yana matsuwa, shi ya sa bayan an taka birki da ƙarfi sau biyar ko shida feda ke nutsewa har ƙasa motar ba ta tsaya ba. Ana sauya shi duk shekara biyu, mai shiga fili kuwa kafin kowane babban wasa. Man ATE Typ 200 yana kai digiri 280 kafin ya tafasa, na Motul RBF 600 ya haura 300. DOT 5.1 yana haɗuwa da DOT 4, amma DOT 5 na silikon ne, kada ya kusanci motar. A sayi gwangwani rufaffe. Lita ɗaya ta isa.

Aikin na mutum biyu ne. A zuƙe tsohon man daga kofi a cika da sabo. A fara da tayar da ta fi nisa da direba: baya dama, baya hagu, gaba dama, gaba hagu. A sa siririn tiyo mai gani-har-hanji a bakin nonon kalifa (abin da ke matse takalman birki a jikin faifai), ɗaya bakin cikin kwalba. Na ciki ya taka ya riƙe, na waje ya buɗe nonon kaɗan, ya rufe, sannan ya ce a saki. Haka har mai tsabta ya fito. A sa guntun katako a ƙarƙashin feda don kada ta kai ƙasa, saboda a tsohuwar mota robar masta, wato famfon birkin da feda ke turawa, kan yage idan ta shiga inda ba ta saba zuwa ba. Kuma kada kofi ya ƙafe, in iska ta shiga akwatin ABS sai da kwamfuta za a fitar da ita.

Faifan birki yana ɗauke da mafi ƙarancin kaurinsa a rubuce a jikinsa bayan harufan MIN TH. A auna, in ya kai nan a jefar. Sababbin takalman birki kuma sai an zaunar da su: a titi mara mutane da dabbobi, a kai kilomita 100 a awa a taka da ƙarfi zuwa 20 ba tare da an tsaya ba, sau takwas zuwa goma, sannan a yi tafiyar minti goma su huce. Wanda ya tsaya cak ya danne birki faifai na da zafi zai bar tabon takalmi a kansa, daga baya sitiyari ya riƙa karkarwa, a ce faifai ya lanƙwashe.

Taya, baƙin mai da sauran

A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu bayan harufan DOT da ke nuna lokacin da aka yi ta. 2321 na nufin mako na 23 a shekarar 2021. Harafin da ke bayan girman taya shi ne iyakar gudunta a kilomita a awa: H 210, V 240, W 270. Tayoyin gwanjo da yawa na ƙasar ƙanƙara ne, za ka ga hoton dutse da ƙanƙara a jikinsu, robarsu mai laushi ce kuma kwaltar Jega da azahar tana cinye ta. Iska da safe ake aunawa, bisa lambar da ke jikin ƙofar direba. In mai faci ya auna bayan doguwar tafiya ya ce ta yi yawa, kada ya rage, zafi ne ya ɗaga ta. Kusoshin taya Nm 120 ne, ba a hawa kan sifana da ƙafa.

Baƙin mai lita 6.5 ne tare da matacinsa, 5W-40 mai shaidar BMW ta LL-01, kuma a ƙurar nan gara a juye shi kowane kilomita 5,000 zuwa 7,000. Matacin iska mai kama da mazurari da ake shafa wa mai yana da daɗin ƙara, amma a buɗe yake cikin zafin injin, kuma mansa da ƙurar hunturu kan ɓata na'urar auna iska da ke bayansa. Akwatin kamfani da matacin takarda ya fi shi a Gwandu ko Argungu.

Mai niyyar jan mota a fili ya leƙa ƙarƙashin baya da tocila, inda gadon tayoyin baya ke ɗaure da jikin motar. E46 ta yi suna wajen tsagewa a nan, kuma ana walda mata faranti na ƙarfafawa tun kafin tsagar ta yi nisa.

Sai bayan duk wannan ake maganar taɓa ƙwaƙwalwa. Tsare-tsaren da ake kawowa daga Turai galibi don fetur mai oktan 98 (oktan ma'aunin juriyar fetur ga ƙwanƙwasar inji ne) aka rubuta su, wanda ba shi ake samu a famfunanmu ba, balle a galan ɗin 'yan bumburutu. Injin da ba shi da turbo irin M54 ɗan abin da zai ƙaru kaɗan ne, kuma da ƙaramin oktan da iska mai zafi na'urar jin ƙwanƙwasa za ta sa ƙwaƙwalwa ta ja wuta baya, ƙarin ya tafi. In dai za a yi, a gaya wa mai aikin irin man da ake sha, a kuma karɓi kwafin tsarin asali a ajiye a waya.