Zubin kan harsashi da dalma a gida: kurakuran da sababbin shiga suka fi yi

Zubin kan harsashi, wato curin da ke fita daga bakin bindiga, ya girmi masana'antun harsashi. A da, mai bindiga yakan mallaki ɗan mazubinsa, ya narka dalma a bakin murhu, ya zuba abin da zai harba. Har yanzu akwai masu yin haka don sha'awa, musamman a Amurka, tsakanin masu gasar harbin bara da masu son tsofaffin bindigogin ɗuri, kuma kamfanoni irin su Lyman da RCBS da Lee suna sayar musu da tukwane da mazubai. A ido aikin ba shi da wuya: ka narka, ka zuba, ka buɗe. Amma kurakuransa kashi biyu ne, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Wanda ya ɓata harsashi, sai a mayar da shi tukunya a sake zubi, ba a yi asarar komai ba sai lokaci. Wanda ya taɓa ido ko jini ko lafiyar yaran gida, ba ya komawa tukunya. Saboda haka da waɗannan za a fara.

Kafin ma a kunna wuta akwai maganar doka. Mutane sukan ga bidiyon Ba'amurke yana zubi a garejinsa, su ɗauka ko'ina haka ne. Dokar tarayyar Amurka ta yarda mutum ya yi don amfanin kansa, sayarwa kuwa sai da lasisi. A ƙasashe da yawa, ƙera harsashi ko mallakar sassansa ba da izini ba laifi ne mai kai mutum kurkuku. Ka tambayi hukuma tun kafin ka sayi mazubi. Idan dokar inda kake ba ta yarda ba, kuma zubin ne ke ba ka sha'awa, dalmar da masunta ke ɗaura wa ƙugiya da taru da irin wannan hannun ake zuba ta, kuma yawancin abin da ke tafe ya shafe ta.

Ruwa da narkakkiyar dalma

Dalma tana narkewa a zafin digiri 327 na Salsiyos, ana kuma zubi da ita a tsakanin 340 da 400. Ruwa idan ya zama tururi yana kumbura fiye da sau 1,600. Ɗigo ɗaya da ya shiga ƙarƙashin narkakkiyar dalma ya isa ya watso rabin tukunya sama. Ba wanda ke zuba ruwa da gangan. Ta ɓoye yake shiga: danshi a jikin curin dalmar da ya kwana a waje, raɓa a cikin tsohon bututu, ludayi mai sanyi da aka tsoma kai tsaye, ko zubabben harsashi da aka sanyaya a bokiti aka mayar tukunya bai bushe ba.

Gyaran ba shi da tsada. Duk abin da zai shiga tukunya, a ɗora shi a bakinta ya ɗumama tukuna, har ludayi da cokalin motsawa. Tarkacen dalma kuwa a tukunya mai sanyi ake zuba su, sannan a kunna wuta, danshin ya ƙone kafin narkewa ta fara. Ba a ƙara tarkace a kan wadda ta riga ta narke. A yi aikin a inda iska ke ratsawa amma ruwan sama ba ya sauka. Tabarau na kariya ko garkuwar fuska, safar hannu ta fata, doguwar riga ta auduga da rufaffen takalmi wajibi ne. Tufafin nailan suna narkewa su manne a fata, sun fi ƙunar ma illa.

Tukunyar ita ma sai an duba. Lita ɗaya ta dalma ta haura kilo 11. Tukunyar alminiyam tana yin laushi a wannan zafi tun ba ta kai ga narkewa ba, gindinta na iya ɓallewa da nauyin. Ta baƙin ƙarfe ake so, ko ta lantarki wadda aka ƙera don wannan aiki, a kan teburin da ba ya girgiɗi.

Inda gubar take shiga

Sababbin shiga sun fi tsoron hayaƙi, sai su sa ƙyalle a hanci su ga sun gama kariya. A zafin da ake zubi, dalma ba ta tashi a iska sosai, sai an ƙure wuta ta doshi digiri 500. Babbar hanyarta ita ce hannu zuwa baki, da ƙurar dattin da ake kwashewa daga saman tukunya. Mutum ya taɓa curi, ya ɗauki abinci ko sigari ko ya sosa leɓe, shi ke nan ta shiga. Ba ta sa ciwo nan take, taruwa take yi a jini da ƙashi, daga baya ta bayyana a hawan jini da ciwon ƙoda da raunin jijiyoyi. Yara da masu juna biyu sun fi kowa shiga haɗari, don tana taɓa ƙwaƙwalwar da ke girma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa.

Don haka ba a zubi a kicin, ba a ci ba a sha a wurin aiki, kuma duk tukunya ko cokali ko tanda da ya taɓa dalma ya rabu da abinci har abada. A wanke hannu da sabulu har ƙarƙashin farce. Kayan aiki a wanke su daban da na iyali. Kada a share wurin da busasshiyar tsintsiya, ƙurar kawai za a tayar. A goge da jiƙaƙƙen tsumma bayan tukunya ta huce. Dattin da aka kwashe a rufe shi a gwangwanin ƙarfe inda yaro ba zai kai ba. Wanda ya mai da zubi al'ada, ya riƙa yin gwajin dalma a jini lokaci-lokaci.

Ba kowace dalmar banza ake narkawa ba

Son araha ya kai mutane da yawa ga batirin mota. Kada ka kusance shi. Ban da asid ɗin da ke ciki, farantansa gauraye suke da wasu ƙarafa, kuma dattinsu idan ya haɗu da danshi yana iya fitar da iskar arsin da ta stibin, masu kisa ko da kaɗan aka shaƙa. Tarkacen da ake tonowa daga filin harbi kuwa sai an tsince su da hannu, don harsashi mai rai kan ɓuya a ciki.

Abin da masu zubi suka daɗe suna dogaro da shi shi ne 'yan ƙarafan da ake maƙalawa a wilin mota don daidaita taya. Da can dalma ce mai ɗan antimoni, wani ƙarfe mai ƙara mata tauri, daidai da buƙata. Yanzu lamarin ya canja: Tarayyar Turai ta hana na dalma tun 2005, jihar Kalifoniya ta bi sahu a 2010, sai na tutiya da na baƙin ƙarfe suka cika ko'ina. Na baƙin ƙarfe ba su da matsala, tasowa suke yi a kwashe. Tutiya ce masifa. Idan ta narke a ciki, haɗin yakan yi kauri da gudaji, ya ƙi cika mazubi, kuma raba su a gida abu ne mai wuyar gaske. A tantance kafin narkawa: galibi akan buga Zn a jikin na tutiya, Fe a na ƙarfe, kuma filaya tana kafa haƙori a dalma cikin sauƙi amma da ƙyar take yi wa tutiya tabo. Tutiya ba ta narkewa sai a digiri 419, saboda haka idan ka riƙe wuta ƙasa da 400, wadda ta kuɓuce maka za ta taso a dunƙule. Wannan kaɗai ya isa dalilin sayen ma'aunin zafi.

Wani kuskuren shi ne kwashe duk abin da ya taru a sama da sunan datti. A cikin wannan toka-tokar akwai kuza, wadda ita ke sa dalma ta bi kowane lungu na mazubi, kuma ta fi dalma tsada nesa. Kafin a kwashe, a jefa ɗan garin katako busasshe ko gutsuren kakin zuma, a motsa har ƙasa ana kankare gefen tukunya. Ƙarfen kirki zai koma ciki, a bar baƙin gari mara nauyi. Kakin yakan kama da wuta, sai a ja fuska baya.

Mazubi

A nan yawancin takaicin ranar farko yake. Mutum ya zuba, ya buɗe, ya ga harsashi duk tamoji, gefunansa a daƙushe, sai ya fara zargin haɗin dalma ko kamfanin da ya yi mazubin. Mafi yawan lokuta ɗaya daga cikin abu biyu ne: maiƙo ko sanyi. Sabon mazubi da man hana tsatsa yake zuwa, kuma ko ɗan shafin yatsa a cikin ramin yana sa tamoji. A wanke shi da ruwan zafi da sabulu da tsohon buroshin haƙori, a busar da shi sarai. Sannan a ɗumama shi a bakin tukunya ko a kan murhun lantarki. Ko da an yi haka, zubin farko-farko na ɗumama mazubi ne, a mayar da su. Wanda yake tsayawa yana jujjuya kowane harsashi yana dubawa, mazubinsa ba zai taɓa yin zafi ba. A ci gaba da zubi a kan kari ɗaya, dubawa sai daga baya.

Idan kuma harsashin ya fito dishi-dishi kamar an barbaɗa masa toka, zafi ne ya yi yawa. A ganina wannan bai kai tamoji muni ba, ɗan dishi ba ya hana harbi, kuma alama ce cewa mazubin ya cika. Sai dai idan rarar dalmar da ke saman murfin yanka, wato farantin da ke kan mazubi mai yanke rarar, ta daɗe ba ta daskare ba, a rage wuta ko a sassauta hannu. Mazubin alminiyam yana saurin ɗaukar zafi yana saurin saki, na baƙin ƙarfe kuwa yana jinkiri ta kowane ɓangare, kowanne da karinsa.

A bar rara mai kauri a kan murfin, domin dalma tana tsukewa idan tana sanyi, daga wannan rarar take jan cikon. Mai rowar rara yakan sami rami a gindin harsashi. Kada kuma a yanke ta da wuri. Ka jira ka ga launinta ya juya daga sheƙi zuwa dishi, ka ƙara 'yan daƙiƙu, in ba haka ba dalma za ta shafe saman mazubin ta fara kankare shi.

Harsashi ya maƙale, sai wani ya ɗauki guduma ya bugi jikin mazubin, ko ya sa tsinin ƙusa ya zaƙulo. Bugu ɗaya na iya karkatar da shi har abada. Da sandar katako ake bugu, kuma a kan mahaɗin mariƙin. Idan siririn fiffike yana fitowa a tsawon harsashi, to ɓangarorin mazubin biyu ba su haɗe ba ne, yawanci ɗan ɗigon dalma ne ya manne a fuskarsu. A cire shi da tsinken katako mazubin yana da zafi. A riƙa sakin harsasai a kan busasshen tawul mai laushi, don da taushinsu suke fitowa.

Tauri ba shi ne magani ba

Da an ga dalma tana mannewa a cikin bututun bindiga, sai a ce haɗin ya yi laushi, a shiga neman mai tauri. A ma'aunin taurin ƙarfe na Brinell, zallar dalma tana wajen 5. Haɗin da ake kira Lyman lamba 2, wato kashi 90 dalma, 5 kuza, 5 antimoni, yana wajen 15. Dalmar injin ɗab'i na Linotype tana kai wa 22. Bindigar ɗuri zallar dalma mai laushi take so, kuma yawancin harbin ƙaramar bindiga ba ya buƙatar wuce matsakaicin tauri. Abin da ya fi jawo mannewa shi ne harsashin ya yi wa bututu kaɗan: iskar albarushi mai zafi ta zurara ta gefensa, ta zaftare dalma ta liƙa a bango. Harsashi mai tauri wanda bai cika bututu ba ya fi mai laushi yin wannan ɓarna, don ba ya buɗewa ya toshe hanyar.

Ƙa'idar da aka saba ita ce kaurinsa ya ɗara faɗin bututun, daga kwarmi zuwa kwarmi na layukan da aka sassaƙa a cikinsa, da kashi ɗaya cikin dubu na inci, kimanin milimita 0.025. Ba a dogara da lambar da aka buga a jikin bindiga. Ana tura curin dalma mai laushi ta bututun bindigar da aka tabbatar ba komai a cikinta, a auna shi da maikromita, na'urar awon kauri. Sannan ba a harba zubabben harsashi tsirara, sai da maiƙo na musamman a kwarminsa ko fentin gari da ake gasawa a tandar da aka keɓe. Kuma haɗin da ke da antimoni yana ci gaba da ƙara tauri na 'yan makonni bayan zubi, awon rana ta farko ba shi ne na ƙarshe ba.

Adadin albarushi kuwa ba a ƙiyasta shi, ba a kuma aro shi daga lissafin harsashi mai rigar jan ƙarfe. Littattafan da kamfanoni suka gwada suka buga don zubabben harsashi su ake bi, kuma albarushi ba ya zama a ɗakin da tukunya ke kan wuta.

Wajen tantancewa, sababbi sukan tsaya kan kyawun hancin harsashi su manta gindi. Gindin ne ke barin bakin bututu a ƙarshe, idan gefensa ya daƙushe ta ɓari ɗaya iska za ta fita a karkace ta kautar da shi. A duba gefen gindi ya fito da kaifi a zagaye, sannan a ɗora a sikeli. Wanda ya fi 'yan uwansa rashin nauyi ƙwarai, akwai kogon iska a cikinsa ko da waje ya yi sumul, sai a ware shi tare da masu komawa tukunya.